Ɗan Gari da Baƙo a Makarantun Kankiya da Kusada

Kankiya da Kusada ƙananan hukumomi ne guda biyu masu maƙwabtaka da juna a tsakiyar jihar Katsina, a bakin babbar hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta nufi Kano. Daga Katsina zuwa garin Kankiya tafiyar kimanin kilomita 60 ce. Kusada kuwa tana gabas, ƙasarta ta jingina da iyakar jihar Kano. Ƙidayar 2006 ta ba Kankiya mutum sama da dubu 150, Kusada kuma kusan dubu 100. Akasarinsu Hausawa ne da Fulani, manoman gero da dawa da wake da gyaɗa, masu kiwon shanu da ƙananan dabbobi. Sai dai ƙasar ba ta mazauna kaɗai ba ce. Tun zamanin fatake hanya ce, kuma duk shekara da zarar an kawar da amfanin gona takan cika da masu wucewa: 'yan ci-rani daga arewa, makiyaya masu gangarawa kudu neman ciyawa da ruwa, malamai da ayarin almajiransu. Wasu su wuce, wasu su yada zango na 'yan watanni, wasu kuma zama ya kama su har su hayayyafa. Tarihin makaranta a wannan yanki, in an bi shi daki-daki, tarihi ne na yadda aka yi da 'ya'yan waɗannan mutane da 'ya'yan talakan ƙauye, waɗanda kowane sabon tsari yakan zo da alkawarin ɗaukarsu, sannan ya bar da yawa daga cikinsu a waje.

Makarantar da ta riga kowace kafuwa a ƙasar Katsina ita ce ta allo. Birnin ya yi suna da malamai tun ƙarshen ƙarni na 15, lokacin da Shehu Magili ya ziyarce shi. A ƙarni na 17 aka yi Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina, a na 18 kuma Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, ya kai har Alƙahira inda ya rasu a 1741. Waɗannan su ne fitattu. Tushen abin yana ƙauye, a zauren malam ko a tsangayar bayan gari, inda ake hura wuta da asuba da bayan magariba yara su kewaye ta da allunansu. Ba rajista, ba kuma mai tambayar yaro garinsu. Uba ya kawo ɗansa ya damƙa wa malam, shi ke nan an shiga. Abin da ke riƙe da makarantar shi ne kuɗin Laraba, da sadakar sauka, da zakkar hatsi da kaka, da aikin gonar malam da damina, da ɗan tuwon da matan gida kan ware wa almajiri. An kuma gina tsarin ne a kan tafiya, domin mutane sun yarda cewa yaro ba ya karatu sosai a gaban uwarsa. Da rani malam kan kwashi yaransa ya nufi wani gari, masu himma su nausa gabas, wajen Haɗeja da Barno, inda tsangayu suka shahara da hadda. A irin wannan makaranta baƙo shi ne cikakken ɗalibi, kuma garin da ya sauka ke ciyar da shi, tunda 'ya'yan garin ma suna can wani wuri ana ciyar da su.

Wannan ba ya nufin kowa ya sami rabo daidai. Ilimi mai zurfi, na fiƙihu da nahawu da tafsiri, ya fi zama a gidajen malamai, uba ya gadar wa ɗa. Ɗan bawa a rinji aikin gona ya fi cinye lokacinsa. 'Ya mace takan tsaya a 'yan surorin salla kafin aure ya zo, duk da cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki masu barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'yan-taru don kai wa matan karkara ilimi. Jihadin da Shehun ya jagoranta ya bar wani gado da ya shafi maganar baƙunta kai tsaye. Da Katsina ta shiga hannun Malam Ummarun Dallaje a 1807, tsohon gidan sarautar ya yi arewa, daga bisani ya kafu a Maraɗi. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta ratsa tsakiyar jama'a guda ce, mai harshe ɗaya da auratayya. Yaron da a yau takarda ke kira ɗan wata ƙasa, sau da yawa Bakatsine ne kamar wanda ke zaune kusa da shi a aji.

Turawa sun karɓi Katsina a 1903, a 1906 kuma suka naɗa Muhammadu Dikko sarki. Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addini ba, saboda haka aka taƙaita shigar mishan ƙasashen Musulmi, alhali a kudu mishan ne suka buɗe yawancin makarantu. Ƙiyasin da aka yi a zamaninsa ya nuna akwai makarantun allo wajen dubu 25 a Arewa, da ɗalibai kimanin dubu 250. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta ɗauki nauyinsu ba, ba ta kuma gina nata tsarin a kansu ba. Ta buɗe wata ƙofa ce daban, ƙarama. Hans Bisha, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fara makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, da niyyar horar da 'ya'yan sarakuna da malaman da za su riƙe ofisoshin En'e. A 1922 Gwamna Kilifod ya buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta yaye Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da sauran waɗanda suka riƙe Arewa daga baya, kafin a mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya. Katsina tana alfahari da wannan kwaleji, kuma da hujja. Amma ɗalibanta 'yan ƙalilan ne da aka tsamo daga lardunan Arewa baki ɗaya. Manomin Kankiya da ke biyan harajin da ake tafiyar da En'e da shi, ɗansa bai fi kusa da ƙofarta ba a kan ɗan wani lardi mai nisa.

Abin da ya iso gundumomi shi ne elemantare, ta shekara huɗu, ana koyarwa da Hausa, galibi a garin da hakimi yake zaune. Wanda ya yi fice sai a tura shi midil a birnin Katsina, inda Abubakar Imam ya taɓa koyarwa kafin ya koma Zariya aikin talifi. Yadda ake cika ajin shi ne abin lura. Umarni kan fito daga sama cewa ana son yara kaza, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya raba wa masu unguwanni, a bi gida-gida kamar yadda ake bin haraji. Iyaye suna ganin abin a matsayin hanyar raba yaro da addininsa da gonar ubansa, don haka mai hali ya san yadda zai kuɓutar da nasa. Labari ne sananne a ƙasar Hausa cewa wasu masu sarauta sun riƙa tura 'ya'yan barorinsu a madadin nasu, maraya da ɗan marar galihu kuma su ne ba su da mai roƙa musu. Wata dabarar ita ce a haɗa yaro da malam mai tafiya ci-rani tun kafin dogari ya iso. Ta haka almajiranci ya sami sabon aiki na maɓoya. Da aka ga waɗanda aka kama da ƙarfi sun dawo malaman asibiti da na gona da akawuna masu albashi, sai lissafi ya juya. Gidajen da suka ɓoye 'ya'yansu suka koma neman musu gurbi, kuma da yake su ne kusa da hukuma, su suka samu.

Ta fuskar mata, Sarki Dikko ya yi abin da sarakuna kaɗan suka yarda da shi a lokacin: a 1930 aka buɗe makarantar 'yan mata a Katsina da goyon bayansa, a shekarar da aka buɗe irinta a Kano. 'Ya'yan fada da na manyan gari ne suka cika ta. Yarinyar ƙauye sai da ta jira shekaru masu yawa.

Masu fafutukar a buɗe wa talaka ƙofa sun fito fili ne bayan yaƙin duniya na biyu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, ta sa mutane sha'awar iya karanta boko ko da don su ji labarin duniya da kansu. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Kumasi, mutumin Katsina, ya yi wa jagora. Aka buɗe azuzuwan manya a ƙauyuka, magidanta suna koyon karatu da rubutu da lissafi da rani, abin da ya ba manomi damar duba takardar harajinsa da lura da awon gyaɗarsa a kan sikeli. A ɓangaren adawa, Malam Aminu Kano da 'yan jam'iyyar NEPU sun ɗauki ilimin talaka da na mata a matsayin maganar 'yanci, suka kuma ƙarfafa makarantun Islamiyya masu aji da benci da allon bango, waɗanda suka nuna cewa ana iya haɗa addini da tsarin zamani ba tare da ɗaya ya kori ɗaya ba. Alhaji Isa Kaita, wani Bakatsinen, shi ya riƙe ma'aikatar ilimi ta Arewa daga ƙarshen shekarun 1950 har zuwa 1966, kuma a zamaninsa aka yi dokar ilimi ta 1962 da ta kafa hukumomin ilimi na yankuna. Duk da haka tazarar ta yi yawa. Jihar Yamma ta fara firamare kyauta tun 1955. Wajen 1957 ɗaliban firamare a kudancin Nijeriya sun haura miliyan 2, na Arewa kuwa, mai fiye da rabin jama'ar ƙasar, suna wajen dubu 200.

Shekarar 1976 ta zo wa Kankiya da abubuwa biyu a tare. Gyaran tsarin ƙananan hukumomi ya mayar da ita hedikwatar ƙaramar hukuma mai faɗi a jihar Kaduna ta wancan lokaci, Kusada tana cikinta. A watan Satumba kuma gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin firamare kyauta ga kowa, wanda har yau dattawa ke kira UPE. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasar, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. A karon farko makaranta ta bar garin hakimi ta shiga ƙauyukan da ba su taɓa ganin hedimasta ba. Ajin da ba a gama ginawa ba aka yi shi a rumfar zana ko a inuwar bishiya. Malamai kuwa aka yi ta horar da su cikin gaggawa, wasu daga gama firamare sai kwalejin horon malamai, wasu ma aka ba su alli kafin su kammala. Ana yawan zagin UPE da cewa ita ta zubar da darajar karatu, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma da yawa daga cikin malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da jami'an ƙananan hukumomin da suka fito daga gidajen manoma a wannan yanki ta wannan ƙofa suka shigo, kuma ba don ita ba da ba su shigo ba.

Shirin ya zo ne jim kaɗan bayan farin 1972 zuwa 1974, wanda ya karkashe dabbobi a Sahel ya koro dubban mutane daga Nijar zuwa garuruwan Katsina da Kano: Buzaye, da Fulani, da Hausawan Damagaram da Tasawa da Maraɗi. Wani farin ya sake aukuwa a 1984. Mazan suka kama gadi da ga-ruwa da ƙwadago, mata da yara da yawa suka shiga bara. Ba wata doka da ta hana 'ya'yansu shiga firamare, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ma ta ba 'yan Afirka ta Yamma 'yancin zirga-zirga. Abin da ya hana su shi ne yadda makarantar kanta take. Shekarar karatu tana son yaro ya zauna wuri guda daga farko har ƙarshe, iyalin da ke komawa gida da faɗuwar ruwan farko kuwa ba za su iya ba. Mai unguwa yakan rubuta 'ya'yan gidajen da ya sani ne, ba na bukkokin bayan kasuwa ba. Yaron da ya tashi da Buzanci ko Fulatanci kuma sai ya fara koyon Hausa kafin ya fahimci malam, sannan Turanci ya biyo baya. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin ke yi, a aikace kuwa na biyun kaɗai aka iya.

Daga nan abubuwa suka taɓarɓare. Kuɗin man fetur ya ja baya daga 1981, albashin malamai ya riƙa makalewa wata da watanni, jihohi da dama suka dawo da kuɗin makaranta da 'yan tare-tare iri-iri, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya ƙara wa talaka nauyi. Iyaye suka janye 'ya'yansu, mata tun da farko. A daidai wannan lokaci kallon da hukuma ke yi wa baƙo da almajiri ya sauya. Bayan rikicin Maitatsine a Kano a Disambar 1980, aka ɗora laifi mai yawa a kan gardawa da 'yan ƙasashen maƙwabta, a 1983 kuma gwamnatin Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu. Almajirin da a da ake ɗauka baƙon Allah ya fara zama abin zargi, a lokacin da rumbun manomin da ke ciyar da shi ya ragu, gonar malam ta ƙanƙance, tafiyar da ake yi da rani kawai ta koma zaman birni na shekara da shekaru.

Makiyaya su ne rukunin farko da aka yi wa tsari na musamman. A zamanin da Farfesa Jibril Aminu ke ministan ilimi aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa da doka mai lamba 41 ta 1989, hedikwatarta a Kaduna. Tunanin mai kyau ne: maimakon a jira yaro ya bar shanu ya zo gari, makaranta ta bi shi ruga, da tanti da allon da ake naɗewa, da lokutan darasi da suka dace da fita kiwo, da littattafan Fulatanci, da shirye-shiryen rediyo. Jihar Katsina ta sami irin waɗannan makarantu, mafi yawansu na zaune a kusa da rugagen Fulanin da suka riga suka kafu. Inda aka sami arɗo mai kishi da malami mai jin harshen, sun yi aiki. Inda aka tura malamin da ke ɗaukar wurin a matsayin horo, ginin yakan zama kango. Akwai kuma matsalar da ta fi ƙarfin ma'aikatar ilimi. Dokar 1965 ta Jihar Arewa ta keɓe wuraren kiwo, amma gonaki sun yi ta cin burtali da makiyaya, har iyalai da yawa suka rasa wurin da za su zauna tsawon da yaro zai kai aji shida. Haɗarin barin dubban yaran daji ba boko ba allo abu ne da masana suka daɗe suna faɗa tun kafin jihar ta ɗanɗana kuɗarsa.

An ƙirƙiri jihar Katsina ranar 23 ga Satumba 1987, Kusada kuma ta zama ƙaramar hukuma mai cin gashin kanta a 1996. Kusantar da hukuma ga jama'a ya kawo sababbin makarantun sakandare na jeka-ka-dawo da ofishin sakataren ilimi a kusa. Ya kuma ƙara wa wata takarda nauyi, wato shaidar asalin ƙaramar hukuma. Firamare ba ta neman ta, amma tallafin karatu na jiha, da kason gurbi a manyan makarantu, da aikin gwamnati, duk sukan nema. Ana samun ta ne ta hanyar mai unguwa da dagaci da hakimi, su tabbatar cewa uban yaro ɗan ƙasar ne. Al'adar Hausawa ta karɓar baƙo takan sassauta abin, domin iyalin da suka daɗe a gari suka yi auratayya ba kasafai ake hana su ba. Sai dai abin da ake samu ta hanyar sanayya alfarma ce, mai bayarwa yana iya hanawa. Kankiya tana da makarantar koyon aikin lafiya, Dutsin-Ma da ke maƙwabtaka tana da kwalejin ilimi mai sunan Isa Kaita da jami'ar tarayya da aka kafa a 2011. Yaron da aka haifa a Kankiya, uban ya zo daga hayin iyaka, yana iya ganin waɗannan gine-gine kullum, shigarsa kuma ta dogara ga sa hannun wani.

A takarda dai doka tana bayan yaron. An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a Satumbar 1999, dokarsa ta 2004 kuma ta wajabta wa kowace gwamnati samar da karatun shekara tara kyauta kuma dole, firamare da ƙaramar sakandare, ga kowane yaro da ya kai shekarun shiga. Dokar ba ta ware ɗan ƙasa daga baƙo ba. Sashe na 18 na tsarin mulkin 1999 ya yi maganar daidaita damar ilimi, amma yana cikin babin da ba a kai gwamnati ƙara a kansa, dalilin da ya sa ƙungiyar SERAP ta garzaya kotun ECOWAS, wadda a 2010 ta yanke cewa ilimi haƙƙi ne da za a iya nema a gaban shari'a. A Amurka sai da aka kai ga kotun ƙoli a 1982 kafin a hana jihar Texas rufe wa 'ya'yan baƙin haure ƙofar makarantun gwamnati. A Katsina ba a taɓa buƙatar irin wannan shari'a ba, saboda ba wanda ya rufe ƙofar da doka. Kuɗin yunifom da littafi da na jarrabawa, da nisan tafiya, da aji mai yara fiye da ɗari, da buƙatar hannun yaro a gona ko a farantin talla, su ke yin aikin.

'Yan mata ne suka fi samun masu tsaya musu a wannan zamani. Katsina tana cikin jihohin da shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF da gwamnatin Birtaniya ya fara aiki a cikinsu a 2005, ya kuma ci gaba har zuwa farkon shekarun 2020. Shi ya yaɗa kwamitocin kula da makarantu, masu haɗa hedimasta da mai unguwa da liman da iyaye, da ƙungiyoyin iyaye mata masu bin gida-gida, da ɗaukar nauyin 'yan matan karkara su yi karatun malanta su koma ƙauyukansu. Wannan na ƙarshe ya taɓa ainihin ciwon, domin uba ya fi sakin jiki da makarantar da ke da malama 'yar garin. An kuma gwada ba iyaye mata kuɗi a hannu don su maye ribar tallan da ake tara kayan ɗaki da ita. Daga 2020 shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Katsina ke cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga, ya mayar da hankali ga sakandare, inda yawancin 'yan mata ke tsayawa. Rauninsu duka ɗaya ne: kuɗin na waje ne, yana da ranar ƙarewa.

Almajiri bai sami irin wannan ba. Wani kwamitin gwamnatin tarayya ya ƙiyasta yawansu a miliyan 9.5 a 2010. Shugaba Jonathan ya buɗe makarantar tsangaya ta zamani ta farko a Gagi, Sakkwato, a Afrilun 2012, aka gina sama da 150 irinta a ƙasar, amma da aka miƙa wa jihohi ciyarwa da albashi da yawansu suka durƙushe. Ko da sun tsaya, 'yan dubbai kawai za su ɗauka. Hanyar da ta fi araha, wato a kai malamin Hausa da lissafi da Turanci cikin tsangayar da take akwai, da yardar alaramma, a ranakun Alhamis da Juma'a da ba a karatun allo, ta yi tasiri a wuraren da aka gwada ta da gaske, sai dai ba ta da ginin da za a yanke wa kyalle. A 2020, da annobar korona ta shigo, gwamnonin Arewa suka kwashi dubban almajirai a motoci suka mayar da kowa jihar da aka ce ita ce tasa. Katsina ta tura, an kuma turo mata. Tsarin da ya rayu ɗaruruwan shekaru ba ya tambayar yaro garinsu, ranar nan aka auna shi da ma'aunin shaidar asali.

Sabon baƙo a ajin Kankiya da Kusada yanzu ɗan jihar ne. Hare-haren 'yan bindiga sun fara tsananta ne a ƙananan hukumomin yamma masu iyaka da dajin Rugu da Zamfara, irin su Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana shida, gwamnati kuma ta rufe makarantu na wani lokaci. Rufe makarantun kwana ya fi cutar da ɗan ƙauye, wanda ba shi da sakandare a kusa, ba shi kuma da kuɗin ta kuɗi. Daga baya matsalar ta matso Matazu da Musawa da wasu ƙauyukan Kankiya. Masu gudun hijira a Katsina ba kasafai suke zama a sansani ba. Sukan raɓa da dangi a garuruwan bakin titi, wani lokaci a sauke su na ɗan lokaci a azuzuwan firamare, karatun 'yan gari ma ya tsaya. Yaron ya baro makarantarsu ba takardar canji, iyayen suna sa ran komawa gobe ko jibi, shekara ta wuce ba a rubuta shi a ko'ina ba. Ɗan Bafulatanin da shi ma aka kore shi daga rugarsu yana ɗauke da ƙarin nauyin zargi.

Yadda ake raba kuɗi bai san da wannan motsi ba. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin bai-ɗaya, babban kason kuma ana raba shi daidai-wa-daida tsakanin jihohi, da sharaɗin kowace ta ajiye kwatankwacinsa kafin ta karɓa. Jiha mai yara da yawa a waje da makaranta, kamar Katsina, abin da take samu daga wannan kaso daidai yake da na jihar da ba ta kai rabinta yawan jama'a ba. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi. Ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, wadda da ita ake tsara aji da benci da malami, tana ƙirga waɗanda ke cikin rajista ne, saboda haka almajiri da ɗan ci-rani da ɗan gudun hijira ba sa fitowa a lissafin ƙaramar hukumar da suke kwana a cikinta. A watan Mayun 2023 aka sa hannu a dokar kafa hukumar ƙasa mai kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, wadda aka ɗora wa alhakin shigar da karatu da lissafi da sana'a cikin tsangayu. Makarantun firamare da malamansu kuwa suna nan a hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da sakatarorin ilimi na Kankiya da Kusada, kuma a ofisoshinsu ake yanke yawan azuzuwan da kowane ƙauye zai samu.